Babi na Shida: Abin da Ya Kashe Masaƙa, Abin da Ya Raya Siminti

A ƙarshen shekarar 1957 injinan masaƙar Kaduna Textiles suka fara juyawa a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons, wanda ya kawo injina da ƙwararru. Lissafin da aka yi a lokacin ba shi da wuyar ganewa. Ana noma auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da kewayen Zariya, a gurje ta, a ɗaure ta dila-dila, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, ta haye zuwa Ingila a saƙa ta, sannan a dawo mana da ita akoko da alawayyo mu saya da tsada. Me zai hana a saƙa ta a gida? Ƙasar da matafiyi Barth ya tarar a 1851 tana tura baƙi da turkuɗi daga Kano har Tumbuktu da Gadamas ba baƙuwar saƙa ba ce.

Lissafin ya yi aiki na kusan shekara talatin. Bayan Kaduna Textiles sai Nortex, sai United Nigerian Textiles a 1964, wadda iyalan Cha na Hongkong suka kafa, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa. A Kano aka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa da masana'antu. Gusau ta samu tata masaƙar, Funtuwa ta samu tata, a kudu kuma ga Legas da Aba da Asaba. Zuwa shekarun 1980 ana kiyasta masaƙu kusan 175 a Najeriya, da ma'aikata wajen dubu 250, ban da manoman auduga da direbobi da mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Duk wanda ya zauna Kakuri ko Makera a wancan zamani zai ba ka labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi canjin aiki, sau uku a yini. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, mai hedkwata a Kaduna, tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar, kuma daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fito har ya zama babban sakatarenta a 1982.

A 2002 Kaduna Textiles ta rufe. Ba a jima ba Arewa Textiles ta bi ta. A 2007 United Nigerian Textiles, wadda ta fi su girma, ta sallami dubban ma'aikata, ko da yake an sake buɗe wani ɓangarenta a 2010. Yau masaƙun da ke motsi a duk faɗin ƙasar ba su kai talatin ba, kuma da yawa cikin tsofaffin ma'aikatan Kakuri sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

A daidai shekarun da ake garƙame ƙofofin Kakuri, wata masana'antar tana tashi. Siminti abu ne da ya taɓa jawo wa Najeriya abin kunya a idon duniya. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar tan miliyan 20, akasarinsa da sunan ma'aikatar tsaro, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban tashar Legas wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Har farkon shekarun 2000, duk da akwai masana'antun Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato da Ashaka da Gboko, abin da ƙasar ke sarrafawa bai wuce tan miliyan biyu da 'yan kai a shekara ba; sauran duk daga waje yake zuwa. Shekara ashirin bayan haka, masana'antun simintin Najeriya suna da ƙarfin fitar da sama da tan miliyan 50, har tirela na ɗauka zuwa Nijar da Togo da Gana.

Ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, rashin wuta ɗaya, hanyoyi ɗaya. Dukansu biyun kuma gwamnati ta ba su kariya daga kayan waje. To me ya raba su? Amsar ba ta ofishin minista kaɗai take ba. Sai an shiga cikin masaƙar kanta an ga yadda kuɗi ke zurarewa.

Masaƙa cikakkiya sassa huɗu ce a jere. Akwai inda ake sharce auduga a kaɗa ta zare, akwai zauren saƙa, akwai wurin wanki da rini, akwai wurin buga zane. Kowane sashe yana jiran na gabansa, kuma ribar duka tana rataye a kan abu guda: injin kada ya tsaya. Kuɗin da aka sayi injin, da kuɗin ruwan banki, da albashi, da hayar fili, suna tafiya ko an saƙa yadi dubu ko an saƙa ɗari. Idan aka raba su a kan yadi mai yawa sai kowane yadi ya yi araha. Idan injin ya yini a tsaye sai yadin da ya fito ya ɗauki nauyin wanda bai fito ba.

Yanzu a ɗauke wuta da tsakar aiki. A sashen kaɗi, dubban mazarai ne ke juyawa tare, kuma da zarar sun tsaya babu shiri sai zare ya tsintsinke, a koma ana ƙullawa ɗaya bayan ɗaya. A zauren saƙa, inda injin ya tsaya ya sake tashi yakan bar layi a jikin yadi, wanda mai saye zai gani da ido. Sashen rini ya fi shan wahala: yadin da ya tsaya a cikin ruwan rini fiye da ƙima launinsa ya riga ya bambanta da na sauran, sai dai a sayar da shi a matsayin mai aibi, a rabin kuɗi. Shi ya sa kowace masaƙa ta koma ta zama ƙaramar tashar lantarki, da manyan janareta masu shan man dizal. Ga kuma tukunyar tururi, wadda wanki da rini ba sa yiwuwa sai da ita, tana cin baƙin mai. Masaƙun Kaduna da Kano sun dogara ne da matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 don samun wannan baƙin man, kuma da matatar ta fara tsayawa-tashi sai ya zama ana neman sa kamar magani, ana saye a hannun 'yan bayan fage. Abokin gasarsu a Sin ko Indiya yana jona injinsa da wutar gwamnati ya manta da ita.

Auduga ma ta ba da tata matsalar. A 1986, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar tana da laifinta, domin ta daɗe tana danne wa manomi farashi. Amma ita ce ke raba iri mai kyau, wanda masana aikin gona na Samaru suka tace, ita ce kuma ke tantance auduga daraja-daraja a kasuwa. Da ta tafi ba a kafa komai a gurbinta ba. Iri ya gauraye, manomi ya koma shuka anguryar da ya samu, tsawon silin auduga ya ragu. Sai kuma wani ƙaramin abu mai babbar ɓarna: buhun leda. Manomi yana tsinkar auduga yana turawa cikin tsohon buhun taki, zaren buhun yana shiga cikinta, injin gurza ba ya iya raba su, su bi ta kaɗi su bi ta saƙa. Sai an je rini asiri ya tonu, domin leda ba ta kama rini, sai ka ga fararen layuka a jikin shuɗin yadi. Wannan kaɗai ya rage darajar audugar Najeriya a gida da waje.

Shekarar 1986 ɗin dai ita ce aka saki naira. Kafin nan naira ɗaya tana gogayya da dala ɗaya. Zuwa 1993 sai an ba da wajen naira 22 a farashin gwamnati. Masaƙun kuwa kusan komai nasu ban da auduga daga waje yake: kayan gyara, sinadaran rini, sababbin injina. Wanda ya yi niyyar sauya injinan shekarun 1960 sai ya ga kuɗin ya ninka sau goma, ya haƙura ya ci gaba da lallaɓa tsofaffin. A nan ne tazarar ta buɗe. Masaƙun Asiya sun koma injinan da ke harba zare da iska ko da ruwa, masu gudun da ya ninka na tsohon injin mai ƙoshiya sau da yawa, mutum ɗaya yana kula da jeri guda. Mu muna nan da ƙoshiya.

Ba duka laifin ne na wuta da naira ba, kuma ya kamata a faɗi wannan ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Tun cikin shekarun 1970 aka hana shigo da yadi, aka bar wa masaƙun gida kasuwar mutum miliyan da yawa. A shekarun da kasuwa ke hannunsu, ribar tana shigowa, ba wanda ya tilasta musu su sabunta injina, ko su rage asara, ko su gwada ƙarfinsu a kasuwar waje. Wasu sun yi, musamman waɗanda masu su ke da masaƙu a wasu ƙasashe suna ganin abin da duniya ke ciki. Waɗanda ke hannun gwamnatocin jihohi kuwa, shugabancinsu ya zama abin rabo, kowace jiha da kujerarta. Kariya shinge ce: tana hana akuya shiga gona, amma ba ta yin noma.

Shingen ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Gwamnatin Obasanjo ta dawo da shi a farkon shekarun 2000. A 2010 aka sassauta. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi sayen dala a hannunsa, a watan Agustan wannan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa sai Disambar 2020, a 2023 kuma aka janye hanin dalar. Injin saƙa jari ne na shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Wane mai hankali ne zai ci bashi ya saye shi alhali doka tana sauyawa duk bayan shekara huɗu ko biyar?

Ko a shekarun da haramcin ke aiki a takarda, ba ya aiki a kan iyaka. Atamfa kaya ce marar nauyi mai tsada. Kwantena ɗaya tana ɗaukar dubban turame. Sai a sauke ta a Kwatano da takardar cewa Nijar za ta, ta bi hanya zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, a ajiye a sito, daga nan a shigo da ita ta Jibiya ko Illela ko ɗaya daga cikin ɗaruruwan hanyoyin daji. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kilomita 1,500, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, kasuwanninsu ɗaya tun kafin a ja layin. Muddin bambancin farashi ya isa ya biya direba da mai sito da wanda zai kau da kai, kaya za su shigo. Bayan 2005, da aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya, masaƙun Sin suka ƙara buɗe wuta, har suna kwaikwayon zanen masaƙun Najeriya da tambarinsu a bakin zane.

A je Kantin Kwari a ga yadda ake yanke hukunci. Mace ta zo sayen kayan lefe ko na fitar biki, mai shago ya jawo turmi biyu ya shimfiɗa. Ta murza wannan tsakanin yatsu, ta murza wancan, ta ɗaga ta duba bakin zanen, ta tambaya, “Alhaji, wannan ba ya zuba?” Ya rantse mata ba ya zuba. Ta tambayi kuɗi. Idan ɗaya ya fi ɗaya da sulusi, an gama magana. Ba za a zarge ta da rashin kishin ƙasa ba. Tana da yara biyar da za ta yi wa ɗinkin salla. Duk wata manufar masana'antu da aka rubuta a Abuja, a kan wannan teburin ake yi mata jarrabawa.

Da gwamnati ta tashi ceto, sai ta kawo kuɗi. A zamanin 'Yar'aduwa aka amince da asusun naira biliyan 100 don auduga da masaƙu da ɗinki, aka damƙa wa Bankin Masana'antu ya raba rance mai sauƙin ruwa. Wasu masaƙun sun numfasa da shi, sun biya tsofaffin basussuka, sun sayi 'yan injina. Amma rance ba ya kawo wuta, ba ya tace iri, ba ya rufe hanyar daji. Wanda ke faɗuwa a kan kowane yadi, in ka ba shi bashi ka ƙara masa kwanakin faɗuwa ne kawai. A ganina kuɗin nan da an zuba shi a tashar lantarki guda mai aiki da gas, wadda za ta ba Kakuri ko Sharaɗa wuta dare da rana, da ya fi amfani.

Siminti ya bi wata hanya dabam. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fito da doka mai sauƙin faɗi: ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a cikin gida. Shigo da siminti a lokacin harka ce mai riba ƙwarai, saboda haka lasisin kansa dukiya ne. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta ɗaura wa wannan dukiyar sharaɗi: ka ci ribar shigowa, amma ka zuba ta a ƙasa inda za a gani. Aka haɗa da yafe haraji na wasu shekaru da sauƙin shigo da injina. Aliko Dangote, wanda ya riga ya karɓi masana'antar Gboko a 2000, ya gina ta Obajana a Jihar Kogi, aka buɗe ta a 2007, daga baya aka faɗaɗa ta har ta haura tan miliyan 16 a shekara. Ibese a Jihar Ogun ta biyo baya a 2012. Kamfanin BUA na Abdussamad Rabi'u ya gina a Okpella da Kalambaina ta Sakkwato, Lafarge ma ya faɗaɗa nasa.

Sharaɗin ya yi aiki ne saboda ana iya ganin sa da ido. Murhun siminti gini ne da ake hangowa daga nesa. Ko an gina ko ba a gina ba. Amma akwai wasu dalilan da ba gwamnati ce ta samar da su ba. Siminti kaya ne mai nauyi marar tsada, buhu ɗaya kilo 50, ba a ratsa daji da shi a kan babur a ci riba, don haka haramcin ya kama ba tare da an sha wahalar tsaro ba. Dutsen da ake ƙona shi da shi yana nan jibge a Kogi da Ogun da Sakkwato da Gombe da Binuwai, ba ya jiran damina, ba ya buƙatar a shawo kan manoma dubu ɗari. Sannan masana'antar tana da girman da za ta iya ɗauke wa kanta abin da gwamnati ta kasa: Obajana tana da tashar lantarkinta, da bututun gas ɗinta, da madatsar ruwanta, da dubban tirelolinta. Masaƙa mai ma'aikata dubu biyu ba ta da wannan ƙarfin.

Shaidar cewa dokar ba laya ba ce tana wurin sukari. A 2012 aka kwaikwayi tsarin siminti: a ba ka damar shigo da ɗanyen sukari da rangwamen haraji, kai kuma ka noma rake ka kafa injin matsewa, da nufin ƙasa ta wadatu cikin shekara goma. Shekara goman ta cika, har yanzu sama da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da muke sha ɗanyensa daga waje yake zuwa, galibi daga Barazil, a tace shi a Legas. Rake yana son fili mai faɗi da ruwa da sulhu da masu ƙasa, kuma hukuma ba ta nuna za ta iya janye rangwamen daga wanda ya gaza ba. Haka masana'antar tumatir ta Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a yini, ta sha tsayawa saboda tumatirin da zai ciyar da ita bai samu ba a farashin da ita da manomi za su yarda.

Nasarar simintin ma rabi ce. An samu yawa, ba a samu araha ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukan kasuwar, an rufe ƙofar waje, kuma rahotannin da suke bugawa da kansu sun sha nuna cewa kusan rabin kuɗin cinikinsu a Najeriya riba ce kafin a cire haraji da kuɗin ruwa da tsufan injina. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har ministan ayyuka ya kira masu kamfanonin zama. Malamin makarantar da ya shekara bakwai yana tara bulo shi ne ke biyan kuɗin wannan kariya. Injinan Obajana da Kalambaina na zamani ne, suna iya gogayya da na ko'ina. Masana'antar da ta kai wannan matsayi ba jaririya ba ce kuma, ya kamata a fara sassauta mata shingen, ko a buɗe wa sababbin masu gasa hanya, don mai saye ya ɗanɗani amfanin abin da ya yi shekara ashirin yana tallafawa.

Ƙasashen da suka yi nasara a wannan fage sun ba da kariya da rance mai sauƙi fiye da yadda muka bayar. Bambancin yana ga abin da suka nema a madadi. A Koriya ta Kudu, tun daga 1965, Shugaba Park Chung-hee yakan zauna duk wata da ministoci da masu masana'antu a duba alƙaluman abin da kowa ya sayar a waje. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa rance, wanda ya gaza a janye. Hikimar auna mutum da kasuwar waje ita ce ba a iya saye ta da sanayya: baƙon da ke Amurka ko Jamus ba zai karɓi kayanka don kai ɗan wane ne ba. Kada a ce mulkin soja ne sirrin, domin mu ma sojoji sun mulke mu kusan shekara talatin. Abin da suke da shi shi ne ma'aikatan gwamnati masu riƙe alƙaluma, da shugabanni masu iya cewa a'a ga attajirin da suka sani. Kamfanin ƙarfensu na POSCO, wanda Bankin Duniya ya ƙi ba wa rance, an kafa shi a 1968, ya fara narkar da ƙarfe a 1973. Namu na Ajakuta an ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarsa a 1979, aka ce ya kai kashi 98 cikin ɗari a 1994, har yau babban murhunsa bai narkar da tama ba, a 2022 kuma gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 don kashe rigimar wani kamfanin da aka taɓa damƙa wa shi.

Misalin Bangaladash ya fi kusa da mu, domin ita ma ƙasa ce mai yawan jama'a da talauci da gwamnati mai rauni. Ba ta noma audugar a zo a gani, tana cikin manyan masu sayen ta a duniya, amma tana sayar da tufafin wajen dala biliyan 40 a shekara. Abin ya faro ne a 1979, da wani kamfani mai suna Desh ya tura mutum 130 Koriya su koyi aiki a masana'antar Daewoo. Mafi yawansu daga baya suka fita suka kafa nasu. Gwamnati ba ta gina masana'anta ba. Ta dai yarda mai ɗinki don kasuwar waje ya shigo da yadi da zare ba haraji, ta kuma sauƙaƙa masa hanyar banki. Sun fara daga ɗinki, inda jari kaɗan ne hannu ne da yawa, sai daga baya masaƙu suka biyo don ciyar da maɗinka. Mu mun fara daga mafi tsada, muka bar telolin Kano da Aba, waɗanda suka fi kowa yawa, suna aiki da keke ɗaya-ɗaya da ƙaramin janareta.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya jiran gwamnati ko kaɗan. Wasu masana, cikinsu har da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford, sun yi gwaji a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya, suka buga sakamakon a 2013. Ba su sayi sabon inji ko ɗaya ba. Sun koya wa masu masaƙun su riƙa rubuta kowane aibi da aka samu a yadi da injin da ya jawo shi, a duba takardar kowace safiya. A yi wa inji gyara bisa jadawali tun kafin ya lalace. A jera zare a sito bisa launi da kauri da lamba maimakon a jibge shi yana ruɓewa. A share ƙasa a kwashe tarkace daga hanya. A shekarar farko abin da suke samarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa shiga ƙananan masana'antunmu na roba ko na fata ko na man gyaɗa ya san irin wannan asarar tana nan: makanike ɗaya ne ya san ciwon inji kuma a kansa yake riƙe da shi, sito ba lissafi, mai gida ba ya yarda da kowa sai ɗansa ko ƙaninsa, don haka masana'anta ba ta girma ta wuce inda idonsa ke kaiwa. Habasha ta ɗauki wannan da muhimmanci har ta kafa cibiya ta musamman a 2011, da taimakon Japan, don koya wa masana'antu irin wannan tsari. Ƙungiyoyin masu masana'antu na Kano da Kaduna za su iya yin haka da kuɗin da bai kai na janareta ɗaya ba.

Idan za a sake gwada farfaɗo da masaƙa a Arewa, kuma ina ganin ya kamata, domin babu wata sana'ar zamani da ke ɗaukar matasa da mata masu ƙaramin ilimi da yawa kamar ta tufafi, to a fara da kuɗin da yadi ɗaya ke ci kafin ya bar ƙofa. A zaɓi wuri ɗaya ko biyu, a ba su wuta da tururi da ruwa waɗanda ba sa yankewa, a farashin da aka sani na shekara goma. A dawo da tace iri da tantance auduga, a raba wa manoma buhun yadi. Harajin kan iyaka ya zama daidai wanda biyan sa ya fi fasa-ƙwauri sauƙi, tunda cinikin bai-ɗaya na Afirka da ya fara a 2021 ma ba zai bar mu mu rufe ƙofa har abada ba. Duk wanda aka ba rangwame a rubuta abin da zai kawo, yadi nawa, ma'aikata nawa, nawa zai sayar a waje, da ranar da rangwamen zai ƙare, a buga a jarida kowa ya gani. Wanda ya gaza a janye, ko wane ne shi.

Mafi yawan wannan yana rataye ne a kan gas. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun da zai taso daga Ajakuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, tsawon kilomita 614, aka ce shekara biyu za a gama, wa'adin ya wuce aka yi ta ɗagawa. 'Yan majalisa da gwamnoni da 'yan kasuwar Arewa su sa ido a kan wannan bututun da tashoshin lantarkin da aka ce za a gina a bakinsa, su riƙa tambayar inda aka kwana, domin kafin gas ya isa Kakuri da Challawa babu asusun ceton da zai sa yadin gida ya yi araha a Kantin Kwari.